Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya so ya sa rana ta yi wa talaka aiki

 Yau mun ɗauko mutumin da kusan kowa ya san sunansa, amma kaɗan ne suka san aikinsa. Duk wanda ya taɓa aika ɗa ko ɗiya karatu Yamai ya ji ana cewa Jami'ar Abdu Mumuni. Wasu na zaton wani tsohon shugaba ne, wasu na zaton soja ne, wasu ma sun ɗauka attajiri ne da ya gina makarantar da kuɗinsa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Malamin makaranta ne mai koyar da kimiyya, kuma abin da ya sa muka ga ya dace a ba ƴan kasuwa labarinsa shi ne, rayuwarsa duka ta tsaya a kan wata tambaya da ɗan kasuwa ya fi kowa fahimta: wane ne zai yarda ya zuba jari a hajar da ba ta kawo riba sai bayan shekara ashirin?

An haifi Abdu Mumuni Diofo ranar 26 ga watan Yuni na 1929 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, wani gari a bakin kogi kudu da Yamai, kuma gidan sarauta ne. Ya fara lakwal a Damagaram, daga nan ya wuce Yamai. Ke nan tun yana yaro ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma.

A wancan zamani shiga lakwal ba abin sha'awa ba ne ga iyaye, kuma ko ga wanda yake so, makarantun ba su da yawa. Turawan Faransa ba su zo don su yi wa Nijar injiniyoyi ba. Abin da suke bukata shi ne tafinta, da mai rubuta takardun kumandan, da mai tattara lissafin haraji, da malamin da zai koyar da wasu tafintocin. Yaron da ya fi hazaƙa a ƙasar, iyakar inda ake kai shi ita ce makarantar William Ponty da ke Sebikotan kusa da Dakar, inda ake tara zaɓaɓɓun yara daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Bubu Hama ya yi Ponty, Diori Hamani ya yi ta, Jibo Bakari ma haka. Abdu Mumuni ya shiga ta a tsakiyar shekarun 1940. Bambancinsa da waɗanda suka riga shi shi ne, ya zo daidai lokacin da ƙofa ta ɗan buɗe. Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta fara barin ƴan Afirka su zauna jarrabawar bakalorea su wuce jami'a, tare da tallafin karatu. Ya ci bak ɗinsa a Dakar, ya isa Paris wajen ƙarshen shekarun 1940.

Mu lura da wannan wuri, domin nan ne maganar kuɗi ta fara shigowa. Hazaƙarsa tasa ce, Allah ya ba shi. Amma jirgin da ya kai shi, da ɗakin da ya kwana, da littattafan da ya karanta, duk kuɗin hukuma ne. Yara nawa ne a Tasawa da Damagaram masu kai irin nasa a wancan lokaci, waɗanda suka ƙare ba wanda ya gwada su ko sau ɗaya?

A Paris ya zaɓi fannin da ake kira fizik, wato ilmin da ke binciken haske da zafi da wutar lantarki da nauyi da motsi, kuma ilmi ne da ba ya tafiya sai da lissafi mai zurfi. Ya sami lisansi a 1953, ya ƙara wata diploma a 1954, sannan a 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agregasiyon. Ya kamata mu ɗan yi bayaninta. Ba irin jarrabawar nan ba ce da duk wanda ya kai maki yake wucewa. Gasa ce. Hukuma na faɗin adadin gurabun da take da su a shekara, masu nema su taru daga ko'ina cikin Faransa, a jera su daga na farko har na ƙarshe, a ɗebi na sama daidai adadin gurabu, saura su koma gida ko da sun iya. Abdu Mumuni ne mutum na farko daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka da ya ci wannan gasa a fannin fizik. Yana da shekara 27.

Da wannan takarda a hannu, da ya so zama a Faransa da ya zauna, albashinsa na tafiya har tsufa. Amma tun yana ɗalibi ya shiga harkar neman ƴanci. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda aka sani da FEANF, kuma yana cikin mutanen jam'iyyar PAI da aka kafa a Senegal a 1957, wadda ta nemi ƴanci kai tsaye ba tare da jan ƙafa ba. Ya koma Dakar yana koyarwa a lise.

Sai ga 1958. Ranar 28 ga Satumba Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama: ko a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a fita. A nan Nijar Jibo Bakari da Sawaba sun nemi a ce a'a, amma sakamakon da aka bayyana ya ba da i. Gine ta Seku Ture ita kaɗai ta ce a'a, kuma ta ɗanɗana kuɗarta. Cikin ƴan watanni Faransa ta kwashe ma'aikatanta, likitoci da injiniyoyi da malaman makaranta, ta bar ofisoshi da azuzuwa wayam. Ƙasa ta sami tuta da shugaba, amma ba ta da wanda zai koyar da lissafi a lise. A wannan hali ne wasu ƴan boko na Afirka suka ajiye ayyukansu suka tafi taimako, cikinsu har da masanin tarihin nan na Burkina, Joseph Ki-Zerbo, da Abdu Mumuni, wanda ya kama koyarwa a lisen Donka da ke Konakiri. A can ya ga da idonsa abin da ake nufi da ƙarancin ƙwararru. Kamar mutum ne ya gaji babban kanti cike da kaya, ranar da ya karɓi makulli sai mai riƙe littafi da direba da mai awo duk suka tafi tare.

Bai daɗe a Gine ba ya dawo Yamai yana koyarwa a lise, kuma yana nan aka sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Halin da Nijar take ciki a ranar ya fi na Gine tsanani ta fuskar ilmi. Cikin yara ɗari da suka kai shekarun shiga lakwal, waɗanda ke aji ba su kai biyar ba. Babu jami'a. Manyan gurabun fasaha, da ajin lissafi da kimiyya na sakandare, yawancinsu Nasara ne ke riƙe da su a ƙarƙashin abin da ake kira taimakon ƙwararru. Ƙarancin malamai ya kai har a tsakiyar shekarun 1960 aka gwada koyar da yaran firamare ta talabijin.

Ga ƙasa mai ƙishin malami haka, ga kuma ɗanta da ya fi kowa takarda a kimiyya, sai mutum ya zaci za a riƙe shi da hannu biyu. Amma ra'ayinsa na siyasa ba irin na masu mulkin lokacin ba ne, a ƙasar da aka haramta Sawaba tun 1959 aka koma jam'iyya ɗaya. Farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyat, ya yi bincike a ƙarƙashin babbar cibiyar kimiyya ta ƙasar har 1964, kuma a can ne ya duƙufa kan abin da ya zama aikin rayuwarsa, wato makamashin rana. Daga can bai dawo gida ba, Bamako ya nufa, inda gwamnatin Modibo Keita ta ba shi aji a babbar makarantar horon malamai, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na Mali. Shekara biyar ya yi yana horar da ƴan Mali. A tsakanin nan, a 1967, ya sami babban digirin dokta na ƙasar Faransa.

A 1964 ne kuma ya fitar da littafinsa a Paris mai suna L'Éducation en Afrique, wato Ilmi a Afirka, wanda aka fassara da Ingilishi a 1968. Littafi ne da ya fara da duba yadda kakanninmu ke tarbiyyar yara kafin zuwan Nasara, inda koyo da aiki ba su rabuwa: ɗan maƙeri na koyo a bakin zuga, ɗan manomi a gona, ɗiyar mai sana'a a gindin tukunya. Ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta raba yaro da wannan duka, ta koya masa raina aikin hannu, ta shirya shi don zama ƙaramin ma'aikacin ofis. Damuwarsa ita ce, an sami ƴanci amma an bar makarantar yadda take. Ya nemi a yi yaƙi da jahilci har ga manya, a ba kimiyya da fasaha babban wuri, a haɗa karatu da aikin da ƙasa ke rayuwa a kansa, kuma a koyar da yara cikin harsunan iyayensu.

Wannan magana ta harshe, iyayenmu mata na kasuwa sun fi minista sanin gaskiyarta. Mace ce zaune gaban tiyar gero ko tulin albasa, ba ta taɓa shiga aji ba. A ce mata kaya jika uku da dala hamsin, ta san jika guda dala ɗari biyu ce, ta cire kuɗin mota, ta cire na ɗan dako, ta cire zubin adashi, ta san abin da ya rage mata, duk a ka, kafin yaron da ke riƙe da kalkuleta ya gama latsawa. Amma ɗan da ta haifa, wanda ya tashi yana jin wannan lissafi kullum, sai ya je lakwal a ce ba ya gane lissafi. Ba lissafin ne ya gagare shi ba. An ba shi tambayar cikin harshen da bai ji ba tukuna, kuma da tamma ake ƙirga masa alhali a gida da dala ake yi. Kafin ya iya Faransanci ya riga ya tsani darasin. Haka ake asarar injiniya tun yana ɗan shekara takwas. A 1973 an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma sunan gwaji ya daɗe bai rabu da irin waɗannan makarantu ba.

A 1969, bayan sojoji sun kifar da Modibo Keita a ƙarshen 1968, Abdu Mumuni ya dawo gida. Gwamnatin Diori ta ba shi shugabancin ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda aka kafa tun 1965. A nan dole a yaba wa hukumar lokacin. Ƙasa matalauciya wadda gyaɗa da dabbobi ne kusan dukan abin da take sayarwa waje, ta ware kuɗi don binciken rana a lokacin da man fetur ke da arha kuma manyan ƙasashe da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ya riƙe wannan ofis har 1985.

Tunaninsa mai sauƙi ne, irin na mai kasuwa da ya duba abin da yake da shi a rumbu kafin ya je neman bashi. Nijar ba ta da teku, fetur ɗin da take sha a lokacin daga nesa ake jawo shi, itatuwanta na ƙarewa. Abin da take da shi fiye da kusan kowa shi ne rana. Da tsakar rana, wuri mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya na karɓar ƙarfin da ya kai wajen kilowat guda. Ke nan a kan tabarmar da kike shanya kuɓewa, zafin da ke sauka ya kai na reshon lantarki, kuma ba mai kawo miki takardar biya a ƙarshen wata. Aikin masani shi ne ya samo dabarar kama wannan zafi ya sa shi aiki.

A ONERSOL shi da yaransa sun ƙera abubuwa iri iri. Akwai na'urar ɗumama ruwa: faranti ne baƙi da bututu a jikinsa, an rufe shi da gilashi, rana ta buga, ruwa ya yi zafi ya hau tanki da kansa saboda ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, ba inji ba wuta. Wannan ta yi amfani a asibitoci da gidajen haihuwa da otal. Akwai ta tace ruwa, wadda ke ba da ruwan da ake zuba wa batir da wanda ɗakunan magani ke bukata. Akwai ta busar da kayan abinci, wadda duk mai kilishi ko mai albasar Galmi ko mai tumatir da ya taɓa asarar kaya saboda ƙura da ƙuda zai gane darajarta. Akwai murhun rana, babban faranti mai ƙyalli kamar ƙwarya, wanda ke tattara haske ya zuba shi a gindin tukunya. Irin wannan madubi shi ne abin da ya fi zurfafa bincike a kai. Sun kuma yi aiki da wani kamfanin Jamus kan injin da zafin rana ke juyawa, da niyyar jawo ruwa da ba da wuta a karkara. Ofishin ya kai har ya buɗe masana'anta a Yamai yana ƙera wasu kayan don sayarwa.

Lokaci ma ya ba shi gaskiya. A 1973 farashin fetur ya ninka wajen sau huɗu a duniya, ga kuma babban fari na 1973 da 1974 da ya kashe dabbobi ya bar ƙasa tsirara. Nan take maganar rana ta zama maganar kowa, kuma Yamai ta zama ɗaya daga cikin wuraren da ake ambata a Afirka idan ana zancen wannan bincike.

To amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Ba duk abin da aka ƙera ya shiga gidaje ba, kuma murhun rana shi ne babban misali. Mata sun san dalili. Murhun na aiki ne da rana tsaka, alhali babban girkin gidan Bahaushe na maraice ne. Tuwo na son tuƙi da ƙarfi, tukunya na son gindi mai ƙwari, ga mai girki tsaye cikin rana haske na dukan idonta, kuma dole a riƙa juya farantin yana bin rana. Idan hazo ya taso, a koma ga itace. Na'urar ɗumama ruwa kuwa ta yi aiki sosai, sai dai ƙarfe da gilashin duk daga waje ake sayo su, farashi ya fi ƙarfin talaka. A ganinmu wannan ba ya rage darajar mutumin. Haka bincike yake, kamar sabuwar haja ce: ka kawo, kasuwa ta ƙi, ka saurari abin da masu saye suka ce, ka gyara, ka sake kawowa. Abin da wannan ke bukata shi ne jari mai haƙuri da sababbin hannuwa kowace shekara. Su ne kuwa suka yanke.

Kuɗi sun taɓa samuwa. An fara haƙar uranium a Arlit a 1971, aka ƙara ma'adinin Akuta a 1978, kuma a rabin ƙarshe na shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce wanda ya karɓi mulki a 1974, farashi ya hau, baitulmali ya cika yadda bai taɓa yi ba. An yi hanyar Tawa zuwa Arlit, an yi manyan gine gine a Yamai, an yi makarantu da ɗakunan shan magani. Jami'ar da aka fara a matsayin cibiya a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, ita ma ta sami rabonta. Abdu Mumuni na koyar da fizik a cikinta, kuma a 1979 aka naɗa shi shugabanta, ya yi wajen shekara uku. Yana kan wannan kujera ne a 1980 shugabannin Afirka suka taru a Legas suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta kai ga kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa a kan kimiyya da fasaha. Dala ɗaya cikin dala ɗari ke nan. An sake maimaita alkawarin a 2006, abin da ke nuna inda aka kwana.

Daga farkon shekarun 1980 farashin uranium ya faɗi, bashi ya taso, fari ya sake dawowa a 1984. Nijar ta shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya tun daga 1983, aka shiga tsuke bakin aljihu. Ra'ayin masu ba da bashi a wancan lokaci shi ne, ƙasa matalauciya ta sa ƙarfinta a firamare, ta rage abin da take kashewa a jami'a da tallafin ɗalibai. Maganar na da ƙamshin gaskiya, domin yaran karkara da yawa ba su da ko aji. Amma akwai abin da ta manta. Mushen da zai koyar da lissafi a kwaleji, daga ina zai fito idan ba daga jami'a ba? Wanda zai horar da malamin firamare fa? An so a cika shago da kaya alhali an rufe hanyar sari. Ɗakin bincike kuwa shi ne abin da ya fi sauƙin yankewa a kasafin kuɗi, domin na'ura ba ta zanga zanga, kuma illar ba ta bayyana sai bayan wanda ya yanke ya bar kujera. Na'urori suka tsufa, ɗaukar sababbin ma'aikata ya tsaya, wasu daga cikin waɗanda aka kashe kuɗi aka horar suka nemi aiki a ƙasashen waje ko a ƙungiyoyin duniya. Ba mu ga laifinsu ba, kowa na da iyali.

Rikicin ya kai ga jini. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibu, ɗalibai suka taso daga jami'a suna adawa da matakan tsuke kuɗin ilmi, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Abdu Mumuni bai ga taron ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, aka kai shi Kirtashi aka rufe. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Allah ya jiƙansa.

ONERSOL ta ci gaba da rayuwa da ƙyar, a 1998 aka sauya ta zuwa cibiyar makamashin rana ta ƙasa. A wannan shekarar ce kuma aka sake buga littafinsa a Paris.

Abin mamaki shi ne, ranar da ya yi wa hidima ta zo daga baya, sai dai ta wata ƙofa. Shi ya fi ba da ƙarfi ga kama zafin rana. Duniya kuwa ta fi ci gaba ta hanyar farantan da ke juya haske ya zama lantarki kai tsaye, waɗanda muke kira pano. A zamaninsa tsadarsu ta wuce misali. Daga 2010 farashinsu ya rushe, saboda ƙasar Sin ta zuba kuɗin hukuma da injiniyoyi a kansu har ta zama ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da duniya ke saye. Yanzu a kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram da Katako ta Yamai, pano da batir da fitila mai caji haja ce kamar kowace. Mai sayar da ƙanƙara na son su, mai cajin salula na son su, mai lambu na jawo ruwa da su. Alhazanmu na samun riba a kansu, kuma halal ce. Amma mu ƴan sari ne a wannan kasuwa. Kuma duk wanda ya taɓa sayen kayan ya san inda gizo ke saƙa: a sami wanda zai auna yawan wutar da gida ko shago ke bukata, ya zaɓi batir da waya daidai, ya haɗa yadda ba za su ƙone ba. Wannan lissafi ne da fizik na sakandare, ba tsafi ba. Inda babu mai shi, batir na jika ɗari ya mutu cikin ƴan watanni, famfon gari ya tsaya saboda ƙaramin abu, mata su koma guga.

Ba a ce ba a yi komai ba. Akwai makarantar EMIG a Yamai mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, akwai lisen fasaha na Ɗan Kasawa a Maraɗi, kuma a 2010 an kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta Maraɗi ma sunan wani masanin kimiyya take ɗauke da shi, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Sai dai gini daban, malami daban. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka koma cika azuzuwa da malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi, kuma wanda ya iya lissafi sosai shi ne ya fi saurin samun wata hanya ya bar alli. Iyaye da ke da yara a lise sun san yadda ajin seri C, na masu lissafi da fizik, yake zama ɗan ƙarami kusa da sauran, a inda ma ake da shi. Lokacin da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, tambayar da aka yi a Konakiri a 1958 ita ce ta sake tasowa: ina namu da za su riƙe injin?

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, kuma ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Masu firigo da teloli da masu niƙa da masu walda ba su bukatar a tuna musu da waɗannan watanni. Abin da ya ɗan rage wa Yamai raɗaɗi a lokacin shi ne tashar rana ta Gorubanda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a shekarar, bayan ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Ta Malbaza da bashin Indiya aka yi ta, ta Gorubanda kuma da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai tare da na gwamnati. Farantan duka biyun daga waje aka kawo su, shekara hamsin da ɗoriya bayan kafa ONERSOL.